Maganin ƙoda ne ya tsayar da tsawon ɗana?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa tara. Yau shekara biyu da rabi ke nan yana fama da ciwon ƙodar nan mai sa kumburi, wanda aka ce furotin ne ke zuba a fitsari. Duk sanda ya tashi sai a ɗora shi a kan firednisolon, kumburin ya saɓe, da an fara rage maganin kuma sai ya dawo. Sau biyar ke nan. Yanzu ya yi ƙiba, kumatunsa sun cika, amma ƙanensa ɗan shekara bakwai ya kamo shi a tsawo. Kayan sallarsa na bara har yanzu tsawonsu daidai ne, a ciki kawai suka matse shi. Likitansa ya ce maganin ne. Ta yaya maganin ƙoda zai hana tsawo? Shi ke nan haka zai zauna? Kakarsa ta ce a daina ba shi kawai a huta." Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya, don jinyar wannan ciwo sai mai haƙuri. Tambayoyi biyu kika yi a fili: ta wace hanya maganin ke taɓa tsawo, kuma ko tsawon da ya tsaya zai dawo. Amma akwai ta uku da kika ajiye a ƙarshe kamar ba komai, wato maganar kaka, kuma da ita zan fara domin ita ce mai haɗari. Kada a tsayar masa da maganin nan farat ɗaya, sai da tsarin likitansa. Dalilin zai zo a gaba, kuma za ki ga gida ɗaya suka fito da abin da ya hana shi tsawo.

Likitansa gaskiya ya faɗa miki. Firednisolon, wanda a kan kwali ake rubutawa prednisolone, a asalinsa kwaikwayo ne na wani homon da jikinmu ke yi da kansa. Homon kuwa saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa cikin jini domin ya je ya ba wata gaɓa umarni. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ya zauna mata kamar hula, nauyinsa bai wuce giram huɗu zuwa biyar ba, ana ce masa adirinal. Ɓawonsa na waje ne ke yin homon mai suna kotisol, wanda ke riƙe sukarin jini da bugun jini, yana kuma kwantar da sojojin jiki idan sun yi zafin kai. Wannan aiki na ƙarshe shi ake nema a ciwon ɗanki. An fara ba majinyaci irin wannan magani a 1948 a asibitin Mayo da ke Amurka, don ciwon gaɓoɓi, aka ga abin mamaki, har masu binciken suka samu kyautar Nobel a 1950. Ba a je ko'ina ba, a 1956, likitocin yara a can Amurka suka wallafa cewa yaran da suka daɗe a kansa girmansu na tsayawa. Kin ga abin da kike gani a gidanki an san shi kusan shekara saba'in.

Bari in nuna miki yawan abin da lissafi. Jikin yaro kamar naki yana yin kotisol wajen miligiram 6 zuwa 8 a rana. Firednisolon ya ninka kotisol ƙarfi sau huɗu. Idan ciwon ya tashi, akan ba yaro mai girmansa har kusan miligiram 60 a rana, wato daidai da kotisol miligiram 240. Ninki talatin zuwa arba'in ke nan na abin da jiki ya saba da shi. Kotisol kuwa homon ne na lokacin tsanani. Idan ya yi yawa, jiki yana fahimtar cewa an shiga wani hali, sai ya yi abin da kowane magidanci ke yi in shekara ta zo da fari: a dakatar da ginin ɗaki, a tara hatsi. Tsawo shi ne ginin, kitsen da kike gani shi ne hatsin.

Totur da birki a cikin ƙwaƙwalwa

Homon ɗin da ke sa yaro tsawo daga kai yake fitowa. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan karan hanci can ciki, akwai wani ƙullutu kamar ƙwayar wake mai suna fituwitari, shi ke yin homon na girma. Sai dai ba ya sakinsa da ra'ayin kansa. A samansa akwai wani ɓangare na ƙwaƙwalwa, haifotalamus, wanda ke aiko masa da umarni ta wasu siraran jijiyoyin jini. Umarnin kuwa wasu 'yan guntayen furotin ne da ake kira feftayid, kuma biyu daga cikinsu ne ke juya wannan al'amari. Ɗaya ana taƙaita sunansa da GHRH, shi ne totur, in ya iso sai homon na girma ya fito. Ɗayan somatostatin, shi ne birki.

Yadda aka gano su ma abin sha'awa ne. A 1973 masu bincike a cibiyar Salk da ke Kalifoniya, ƙarƙashin Roger Guillemin, suna tace ƙwaƙwalen tumaki dubu ɗaruruwa suna neman totur, sai suka ci karo da birki. Totur ɗin bai samu ba sai 1982, shi ma ba a ƙwaƙwalwa aka fara kama shi ba, a cikin ƙarin da ya fito wa wasu majinyata ne a fankiriyas, gaɓar nan da ke yin insulin. Ƙarin ne ke ta zuba shi cikin jini har hannuwansu da haɓarsu suka riƙa ƙara girma bayan sun manyanta. A 1999 kuma Japanawa suka gano na uku, girelin, wanda tumbi ke yi idan ana jin yunwa, shi ma yana taimakon totur.

Totur da birkin nan ba sa aiki tare a lokaci ɗaya. Birki ya saki, totur ya murɗa, homon ya yi tsiri cikin jini, sannan ya sauka har ya kusa ɓacewa, haka dai sau da yawa a yini. Tsiri mafi girma yana zuwa ne da dare, jim kaɗan bayan yaro ya shiga barci mai nauyi. Na kawo wannan ne domin in tare miki wata asara. Iyaye da yawa kan zo mini da takardar gwajin jini da suka biya kuɗi mai yawa, an auna homon na girma da hantsi an samu ƙasa, hankalinsu ya tashi. Ko yaro lafiyayye aka ɗebi jininsa da hantsi haka za a gani. Gwaji ɗaya tilo na wannan homon ba ya nuna komai, kada ki kashe kuɗinki a kansa.

To ina kotisol ya shigo? A nan ne abin ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Idan aka ɗauki ƙwayoyin halittar fituwitari aka raine su a ɗakin gwaji, aka zuba musu irin wannan magani, ƙara yin homon na girma suke yi, suna kuma ƙara jin kiran totur. Mutumin da adirinal ɗinsa ya gaza, ba ya da isasshen kotisol, shi ma homon na girmansa kan yi rauni, sai an mayar masa da kotisol ɗin ya farfaɗo. Har ma idan aka ba lafiyayyen mutum dekzametason, wani ɗan'uwan firednisolon mai ƙarfi, sau ɗaya, bayan kamar awa uku homon na girma tashi yake yi. Duk wannan na cewa kotisol abokin girma ne. Amma a ci gaba da ba da shi da yawa, kwanaki su zama makonni, sai labari ya juye: tsirin nan na dare ya dusashe, ko an yi wa mutum allurar totur ɗin kansa fituwitari ba ya amsawa yadda ya kamata.

Warwarar ta zo ne da aka koma kan ƙwaƙwalwa. A gwajin ɓeraye an ga cewa maganin, in ya daɗe, yana sa haifotalamus ƙara yin somatostatin. Da aka yi wa ɓerayen allurar wani abu da ke ɗaure somatostatin ya hana shi aiki, sai fituwitari ya koma amsa kira. A mutane ma, idan aka ba wanda ya daɗe a kan maganin wani sinadari mai suna ajinin, wanda ke sassauta birkin, akan ga amsar ta ɗan dawo. Ashe injin lafiyarsa ƙalau, birki ne aka danne ba a saki ba. Ya kamata in faɗa miki cewa mafi ƙarfin wannan hujja daga dabbobi ta fito, domin waɗancan siraran jijiyoyi ba a iya kai musu allura a ɗebi jini a jikin mutum mai rai. Abin da muke da shi a mutane alamu ne daga nesa, amma sun dace da na dabbobin.

A wannan ɗan wuri na ƙwaƙwalwa kuma sauran abubuwan da kika lura da su suke. Akwai wani feftayid mai suna NPY da ke tayar da yunwa, maganin yana zuga shi, shi ya sa yaro kan tashi da dare yana neman ragowar tuwo. Ƙarancin homon na girma shi ma yana taimaka wa kitse taruwa a ciki, domin ƙona kitse na cikin ayyukansa. Sannan akwai CRH, wanda aka gano a 1981, shi ne ke sa fituwitari ya aika wa adirinal umarnin yin kotisol. Idan ƙwaƙwalwa ta ga jini cike da firednisolon, sai ta ɗauka kotisol ya wadata, ta daina aika CRH. Adirinal ya zauna ba aiki, a hankali ya motse. Bayan makonni uku zuwa huɗu a kan magani mai yawa wannan na iya faruwa, balle yaron da aka ɗora sau biyar. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, babu na kwali, babu na jiki. Sai amai, kasala, sukari ya faɗi, jini ya faɗi, yaro na iya suma, in ba a yi sauri ba a rasa shi. Wannan ita ce amsar da za ki kai wa kaka, cikin ladabi: garin neman gira kada a rasa ido. Ragewa a hankali da likita ke yi, lokaci yake ba ƙwaƙwalwa ta farka ta tashi adirinal daga barci.

Abin da ke faruwa a ƙashin kansa

Da a ƙwaƙwalwa kaɗai matsalar take, da allurar homon na girma ta gama magana. A ganina, kuma haka yawancin abokan aikina ke gani, kaso mafi girma na cikas ɗin a ƙashi yake. Kusa da bakin kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani siririn guringuntsi, nan ne matsirar ƙashi. Ƙwayoyinsa na rarrabuwa suna jeruwa kamar bulo, na baya su daskare su zama ƙashi, da haka ƙafa ke ƙara tsawo. Homon na girma yana zuwa nan kai tsaye, yana kuma sa hanta da shi guringuntsin su yi wani ɗan aike mai suna IGF-1 da ke ƙarasa aikin. Firednisolon yana toshe wa guringuntsin kunne daga jin duka biyun, yana rage rarrabuwar ƙwayoyin, yana kuma hana hanji tsotsar kalsiyam yadda ya kamata. Shi ya sa za a iya auna IGF-1 a jinin yaro a same shi daidai, alhali yaron bai ƙara ko rabin inci ba.

Wani gwaji da aka yi a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, aka wallafa a 1994, ya nuna wannan ƙarara. Jeffrey Baron da abokansa suka riƙa ɗiga dekzametason a matsirar ƙashin ƙafa ɗaya ta 'ya'yan zomaye, suka bar ɗaya ƙafar. Wadda aka ɗiga wa ta ja baya. Da aka daina, sai ita kaɗai ta riƙa girma da sauri fiye da 'yar'uwarta, tana ƙoƙarin kamo ta. Zomo ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, jini ɗaya, amma ƙafa biyu kowace da tafiyarta. Fassarar da aka yi wa wannan ita ce ƙwayoyin matsirar ƙashi suna da iyakar adadin rarrabuwar da za su yi a rayuwa. Maganin ya hana su kashe rabonsu ne, rabon na nan ajiye kamar rumbun da ba a buɗe ba.

Nan ne amsar tambayarki ta biyu. Yawancin yaran da ciwonsu ke jin firednisolon, idan aka samu aka rage shi ƙwarai ko aka rabu da shi kafin balaga, sukan yi saurin girma su cike mafi yawan giɓin, su kai tsawo na daidai. Waɗanda suka kwashe shekaru masu yawa a kan magani mai yawa, musamman har cikin shekarun balaga, sukan rasa wani abu da ba ya dawowa. Ko zomayen nan ma ba su cike giɓin duka ba. Ɗanki shekararsa tara, lokaci na gefensa. Ban gan shi ba, ban ga awonsa ba, don haka ba zan yi miki alkawarin santimita kaza ba. Abin da zai ba da haske shi ne hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu. Idan hoton ya nuna ƙashinsa kamar na ɗan shekara bakwai ne, albishir ne, domin yana nufin yana da sauran shekarun girma fiye da tsaransa.

Abin da za ki tattauna da likitansa

Yadda kika kwatanta, da an fara ragewa ciwon ya dawo, shi ne muke kira dogaro da magani, kuma a irin wannan hali ne ake duba wasu hanyoyi. Ta farko ita ce neman mafi ƙanƙantar adadin da zai riƙe ƙodar, a sha da safe, rana ɗaya a tsallake rana ɗaya. Ranar hutun tana ba birkin dama ya saki, shan safe kuma ya dace da yadda jiki ke yin kotisol ɗinsa, ga shi ba ya hana barcin dare. Ta biyu ita ce a haɗa masa da wani magani da zai ɗauke wa firednisolon nauyi. Akwai lebamisol, tsohon maganin tsutsar ciki ne da aka gano yana rage tashin wannan ciwo. Akwai saikulofosfamayid da ake sha na makonni 8 zuwa 12, akwai maikofenolet, da takrolimus, da kuma ritukzimab da ake sawa ta jijiya. Kowane allazi da nasa amanu: wani na rage fararen ƙwayoyin jini sai an riƙa gwaji, wani shi ma yana iya taɓa ƙoda in ba a auna shi a jini, na ƙarshen kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidajenmu. Likitan ƙodar yara ne ya kamata ya zaɓa, in kuma ba shi ke ganinsa ba, ki nemi a tura ku asibitin koyarwa.

Kada kuma a ɗora wa maganin laifin duka. Ciwon kansa na hana girma. Furotin ɗin da ke zuba a fitsari yana tafiya da waɗanda ke ɗauke da bitamin D da homon ɗin maƙoshi, wato tayirod, da shi kansa IGF-1. Yaron da aka bari yana zubar da furotin ba magani ba zai yi tsawo ba, ga kumburi, ga haɗarin kamuwa da cututtuka. Yana da kyau a duba masa tayirod da bitamin D ko sau ɗaya ne. Allurar homon na girma kuwa ba na fara kawo ta a irin halinsa. Tana ɗan taimakawa a wasu yaran, amma muddin maganin na da yawa guringuntsin ba ya jin ta sosai, ga tsada, ga shi galibi kullum ake yi, kuma ita da firednisolon duka suna ɗaga sukari.

Akwai abin da nake tambayar kowace uwa yanzu, saboda wata yarinya 'yar shekara huɗu da aka taɓa kawo mini. Kumatu sun cika, bayan wuya ya yi tozo, tsawo ya tsaya, uwar ta rantse ba ta shan ko wane magani. Kotisol ɗinta na safe ya yi ƙasa ƙwarai, abin da ke nuna daga waje wani abu ke shiga. Na ce ta juye mini jakarta a kan tebur. Sai ga wata 'yar roba ba rubutu, mai ne aka haɗa mata a kasuwa don fatar yarinyar ta yi haske, kullum bayan wanka safe da yamma, fiye da shekara. Irin waɗannan haɗe-haɗe sau da yawa akwai kulobetasol ko betametason a ciki, dangin firednisolon ne masu ƙarfi, fatar yaro kuma tsotsewa take yi. Haka ƙwayar nan da mata ke kira sha-ka-fashe, dekzametason kan kasance a cikinta, wanda ya ninka kotisol ƙarfi wajen sau 25 kuma yakan wuce yini guda yana aiki a jiki. Ki duba gidanki, man ƙuraje ne ko na ƙaiƙayi ko wani abu daga kemis, kada ya zama ana ƙara masa a kan wanda yake sha ba ki sani ba. Masu 'ya'ya masu asma da ke karanta wannan kuma kada su tsorata da abin shaƙa, ko da yake dangin wannan magani ne a cikinsa: wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2012 ya samu bambancin kusan santimita 1.2 kacal a tsawon manyanta, bayan shekaru ana shaƙa.

A gida, ki samu bango mai santsi inda daɓen ya miƙe. Duk wata uku ki tsayar da shi da safe ba takalmi, dugadugai da baya manne da bango, ki ɗora littafi mai kauri a kansa ki ja layi da fensir, ki rubuta kwanan wata. Yaro mai shekarunsa kan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, ƙasa da 4 abin dubawa ne. In kina son sanin inda ake sa ran ya kai, ki haɗa tsawonki da na babansa, ki ƙara 13, ki raba biyu. Misali uba 172, uwa 160, zai ba da 172.5, da ɗan sama ko ƙasa. Ki rage masa gishiri da lemon kwalba, ya samu madara ko nono da ƙwai da wake, ya fita wasa, ya kwanta da wuri. Idan zazzaɓi ya kama shi, ko yana amai har ba ya iya riƙe maganin, a tafi asibiti a ranar, kuma abin da za ki fara faɗa wa duk wanda ya karɓe ku shi ne yaron nan yana kan firednisolon, ko da an daina cikin shekarar nan. Ranar ganin likita ta gaba ki tafi da duk tsofaffin katunansa da aka taɓa rubuta tsawonsa a ciki, har na kafin ciwon, da kwalayen duk abin da yake sha ko ake shafa masa.